Bugu na Biyar na Yaya Fuseini

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Fuseini makwancinsa. Na ƙirga su da kyau, domin aikin rediyo ya koya mini kada in faɗi lamba sai na tabbatar da ita. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta kalma ɗaya a kansa ba. Shi ya hana ni tun yana da rai, ni kuma na ci gaba da yi masa biyayya bayan ransa. Yau zan saɓa masa, kuma ga dalili.

Kwanakin baya muna kallon wasan gasar ƙasashen Afirka a gidan 'yarsa Ayishetu da ke unguwar Bulpiela a Tamale. An tashi kunnen doki, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wani saurayin ɗan wasa ya buga, ƙwallon ta tafi a sanyaye, gola ya kama. Sai wani maƙwabci da ya shigo kallo ya yi dariya ya ce, "Wannan ya karɓi buhu." Mutumin bai kai shekara talatin ba. Bai san inda maganar ta samo asali ba, bai kuma san a ɗakin wa yake zaune ba. Ayishetu ta tashi ta ce za ta duba tukunya. Babu tukunya a kan wuta.

Maganar nan a kan mahaifinta aka fara yin ta. Ni ne mutum na ƙarshe da ya san yadda aka yi tun daga farko, don haka ga shi.

Fuseini wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara shida. Gyaran keke yake yi a bakin titi a unguwarmu Aboabo, a garin da malami da ɗan kasuwa da mai tallan koko duk keke ne abin hawansu. Da yamma yakan buga wa ƙungiyar unguwarmu, a baya yake tsayawa. Ba shi da gudu, ba shi da yanka. Abu ɗaya ya iya fiye da kowa a zamaninsa, shi ne fanareti, kuma bai ɗauke shi sa'a ba. Sana'a ya ɗauke shi, kamar ɗaure wayar ƙafar keke.

Yana da tsohuwar tayar keke da yake jinginawa a bango bayan rumfarsa. Idan aiki ya lafa sai ya auna taku goma sha biyu, ya aje ƙwallo, ya yi ta zura ta cikin tayar. Taku huɗu yake ja da baya, ba ya ƙarawa. Kusurwar da zai buga, tun daga gida yake zaɓen ta, kuma ba ya sakewa ko da gola zai tafi can ya kwanta. Ba ya kallon idon gola. Yakan ce ido maƙaryaci ne, turken raga kuwa ba ya motsi. Ƙasa-ƙasa yake aika ta, gindin turke, da cikin ƙafar dama. Akwai kuma abin da ya sha faɗa mini, da Hausarsa ta zango wadda ba ruwanta da ƙa'idar littafi: "Alhassan, kai da kake son maganar rediyo, riƙe wannan. Ƙafan da ya buga ba shi ya ci ba. Ƙafan da ya tsaya shi ya ci." Nufinsa, idan ƙafar da ka kafa a gefen ƙwallo ta zauna daram, tana duban inda kake so, to bugun ya riga ya ƙare. Shekaru da yawa bayan haka na ji masana suna faɗin abu ɗaya da dogon Turanci.

Sai shekarar tamanin da uku ta zo. Wanda ya rayu a ƙasar nan lokacin ba ya bukatar in ba shi labari. Ruwa ya ƙi, wuta ta cinye gonaki, aka koro 'yan'uwanmu daga Najeriya suka dawo hannu rabbana. Ƙashin wuya ya fito wa kowa, har da masu kuɗi. A gidanmu akwai Mma mahaifiyarmu, akwai matar Yaya da cikin Ayishetu, akwai ni da na gama makaranta ba aiki, ga 'ya'yan gwaggonmu biyu da suka dawo daga Legas. Keke kuwa, mai yunwa ba ya kai shi gyara, ɗaure shi yake da tsumma ya ci gaba.

A cikin wannan hali wani attajiri ya sa gasa tsakanin unguwanni. Ba kofi ya sa ba, ya san kofi ba ya shiga tukunya. Buhunan masara ya sa. Muka kai wasan ƙarshe, mu da Nyohini. Alhajin da ke riƙe da ƙungiyarmu ya kafa doka cewa rabon masara na waɗanda suka shiga fili ne kawai ranar wasa.

Kwana uku kafin wasan, idon sawun Yaya na hagu ya fara ƙuna. Wani ɗan ƙurji ya taso, fatar wurin ta kumbura tana sheƙi. Mu duka mun san ko mene ne. Kurkunu ne. Yaran yanzu ba su san shi ba, alhamdu lillahi. Tsutsa ce doguwa, fara kamar zare, da ke shiga jikin mutum ta ruwan sha, ta zauna shiru wajen shekara guda kafin ta nemi hanyar fita, galibi ta ƙafa. A ranin da ya wuce Yaya ya je bayan gari ya taya kawunmu kiwon shanu na wasu makonni, ya sha ruwan tafkin da shanu ke sha. Can ya ɗauko ta.

Ranar wasa da safe ni na ɗaure masa ƙafar. Na naɗa tsumma, na bi da robar cikin tayar keke da ya yanka siriri, ya ja safa ya rufe, ya cusa cikin takalmin kambas. Na ce masa, "Yaya, ka gaya wa Alhaji." Ya ce, "In na gaya masa, kai za ka gaya wa Mma abin da za a dafa?" Muka tafi fili. Da Alhaji ya tambaye shi a bakin fili, don ya ga tafiyarsa ta ɗan canza, sai ya ce lafiyarsa ƙalau, takalmi ne ya matse shi.

Ba zan wanke shi daga wannan ba. Ƙarya ya yi, kuma ƙaryar ta shafi abincin gidaje goma sha ɗaya, ba namu kaɗai ba. Ina faɗin haka a fili domin wanda zai kare mamaci da gaskiya ba ya fara da ɓoye laifinsa.

Ni a ranar ina kan wani teburi a gefen fili, riƙe da makirufo. Mun aro lasifikar wani mai tallan magani, muka jona da batirin mota. Shi ne karo na farko da na yi sharhin wasa a gaban jama'a, kuma ina jin kaina sosai. Duk wata magana mai daɗi da na taɓa ji a rediyo sai da na juye ta.

Aka yi minti casa'in ba ci. 'Yan wasan da suka karya da ruwan koko ba su da ƙarfin ƙarin lokaci, sai alƙalin wasa ya ce a tafi fanareti. Nyohini suka fara. Suka ci, muka ci, haka har huɗu da huɗu. Suka ci na biyar. Saura namu.

Na biyar na Fuseini ne, kowa ya sani, haka aka saba. Amma na ga ya tsaya a tsakiyar fili ya dubi sauran mutum shidan da ba su buga ba, ɗaya bayan ɗaya. Yana neman wanda zai ɗaga kai. Babu. Wani yana kallon ƙasa, wani ya duƙa yana kwance igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Alhaji ya ɗaga murya daga gefe ya ce, "Fuseini, naka ne." Ya tafi.

Ya aje ƙwallo, ya ja taku huɗu. Sai na ga ya koma gefen dama na ƙwallon ya tsaya. Mai bugu da dama, a hagu yake tsayawa. Nan take na gane abin da ke faruwa. Bayan minti casa'in cikin roba da zafi, ƙafar hagu ba za ta iya ɗaukar nauyinsa ba. Abu biyu ke gabansa: ya kafa ƙafa mai ciwo ya buga da lafiyayya, ko ya kafa lafiyayya ya buga da mai ciwo. Ya bi ƙa'idarsa. Ya tsaya a kan dama, ya buga da hagu, da daidai wurin da ƙurjin yake.

Ƙwallon ta nufi kusurwar da ya zaɓa, amma ba ƙarfi. Sulemana, golan Nyohini, ya faɗa kanta ya rungume. Ni kuma, da bakina, cikin lasifika, filin gaba ɗaya yana ji, na ce: "Ya miƙa ta hannun mai tsaron gida kamar mai kai saƙo."

Ban nufi komai ba. Kwalliyar magana ce, irin ta yaro mai koyon aiki. Amma magana zarar bunu ce. Kafin magariba an fara tambaya a majalisu: mutumin da tun da aka haife shi da dama yake bugawa, me ya kai shi hagu ranar masara? Washegari tambayar ta zama amsa. Ya sayar da wasan. Ai ko ƙaninsa ma ya faɗa a lasifika.

Bayan kwana biyu ƙurjin ya fashe, kan tsutsar ya leƙo. Na yi murna, Allah ya sani, na ce gani ya kori ji. Yaya yana kwance a kan tabarma a zaure, ana naɗe ta a jikin tsinken ashana kaɗan-kaɗan kowace rana, domin in ta tsinke a ciki ƙafar na iya lalacewa. Duk mai wucewa yana gani. Suka gani kuwa. Suka ce alhaki ne. Suka ce dubi ikon Allah, ƙafar da ta ci amana ita ta fitar da tsutsa. Wani dattijo ma har ya kafa hujja da shi yana yi wa yara nasiha.

Na sha juya wannan a raina. Tsutsar da ke shekara a jiki kafin ta fito, yaya za ta zama hukuncin laifin da aka yi shekaranjiya? Sai dai idan alhakin ya riga laifin shiga da shekara guda. Kuma waɗanda suka faɗi haka ba baƙin kurkunu ba ne. Rabinsu suna da tabonsa a ƙafa.

Abin da ya tabbatar musu da zarginsu shi ne masara. Kawunmu na bayan gari ya ji Yaya na kwance, sai ya sayar da ɗan maraƙi ya samo mana rabin buhu. Ni na ɗauko shi a bayan keke, da rana tsaka, ta tsakiyar Aboabo, domin ban ga abin ɓoyo ba. Daga ranar sunan wana ya zama Buhu.

Na ce masa zan bi majalisu in bayyana, zan kawo kawu ya yi rantsuwa. Yana kallon tsinken da ke ƙafarsa ya ce, "Wanda ya ga ƙafa ya ce alhaki ne, me kuma za ka nuna masa?" Na ce to aƙalla ya je wurin Alhaji. Ya ce ya riga ya aika a kira shi, kuma ya gaya masa ya yi masa ƙarya, ya nemi gafara. Sannan ya ce abin da ban taɓa mantawa ba: "Ƙaryar da na yi, tawa ce, na ɗauka. Wancan nasu ne, su ɗauki kayansu. Kada ka bi gari kana roƙa mini mutunci." Alhaji ya yafe masa a zaure, amma bai taɓa buɗe baki a waje ba. Ya fi masa sauƙi a ce an sayar da shi da a ce ya sa gurgu a fili bai lura ba.

Yaya bai matsar da rumfarsa ko taku ɗaya ba. Bai sake masallaci ba, bai bar sahun da ya saba ba. Masu kiransa Buhu su ne masu kawo masa keke, ya gyara, ya kaɗa ƙararrawa ya miƙa musu. Da ƙafar ta warke ya koma fili. A shekarar da ta biyo baya aka sake zuwa fanareti a wani wasa, aka sake duban ƙasa, shi kuma ya tashi. Ana ta kiran sunan nan daga kowane gefe. Taku huɗu, ƙasa-ƙasa, gindin turke, raga ta motsa. Sai wani a bayana ya ce, "To, yau ba a biya shi ba." A hanyar gida na gaya masa. Ya yi dariya har ya tsaya da keke, ya ce mutumin yana da kai, kamata ya yi a ba shi lasifikata.

Yanzu idan ina kallon manyan gasa nakan tambayi kaina me zai ce. Zai ji daɗin dokar da ta tilasta wa gola barin ƙafa a kan layi, domin a zamaninsu gola kan taho har ya kusa gaisawa da mai bugu. Takardar da gololi ke liƙawa a jikin gorar ruwa, mai ɗauke da kusurwar da kowane ɗan wasa ya fi so, ba za ta dame shi ba. Kusurwarsa duk Tamale an san ta, sanin bai taɓa tare ƙwallo ba. Masu taku suna tsayawa, suna ɗan tsalle, suna jiran gola ya faɗi kafin su zaɓa, ina jin zai ce zuciyarsu biyu. Amma idan ya ga ta shiga zai yi shiru, don shi ba ya gardama da raga. Masu ɗaga ta a hankali ta tsakiya kuwa, zai ce wannan bugun wanda ya ƙoshi ne.

Abin da na tabbata zai fi kallo ba mai bugu ba ne. Zai kalli layin 'yan wasan da ke tsakiyar fili, sun dafa kafaɗun juna, ya nemi wanda ya sunkuyar da kai lokacin da ake rubuta sunaye. Kyamara ba ta cika nuna su ba. Washegari ba a zagin su a wayoyi, ba a bin gidan iyayensu. Wanda ya yi tafiyar nan daga tsakiya zuwa ɗigon fanareti shi ake yanka, kuma masu wuƙar yawancinsu ko a filin makaranta ba su taɓa yin ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba mu san abin da ke cikin safar kowa ba.

Ni dai na ɗauki darasina. Na yi shekaru ina sharhin wasa a rediyo, kuma abokan aiki sun sha yi mini ba'a cewa idan aka zo fanareti Hausata takan ƙare. Gaskiya ne. Idan ta shiga nakan ce ta shiga. Idan gola ya kama nakan ce mai tsaron gida ya tare. Ban sake cewa “kamar” ba.

Ranar sadakar ukun Yaya, wani tsoho ya zo da sanda ya zauna kusa da ni. Sulemana ne, golan Nyohini. Bayan addu'a ya ce, a gaban mutane, ba tare da an tambaye shi ba: "Ku mutanen Aboabo kun cuce ni. Ƙwallo ɗaya na kama a duniya da ya kamata jikokina su ji labari, kuka ce saya aka yi. A shekaran nan, in muna da masaran sayen mutum, ai ci za mu yi." Wasu suka yi dariya, wasu suka dubi ƙasa. Na gane biyu daga cikinsu. Duban ƙasar bai canza ba.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan ta yi 'ya'ya, har ta yi jikoki, ɗaya daga cikinsu ya zauna a ɗakin Ayishetu yana dariya. An kawar da kurkunu daga ƙasar nan, ita ba a kawar da ita ba. Rumfar Yaya yanzu masu gyaran babur ne a wurin. Filin an yi gini a rabinsa. Abin da ya rage nasa shi ne 'yarsa, da taku huɗun da wasu tsofaffi ke tunawa, da wannan suna.

Ban rubuta wannan don in roƙa masa mutunci ba, ya hana, kuma ba ya bukata. Na rubuta don Ayishetu ta daina zuwa duba tukunyar da babu. Idan wani ya sake faɗa a gabanki, zauna inda kike, ki tambaye shi ko ya san mutumin. Ki gaya masa mutum bakwai ne suka rage a tsakiyar fili ranar nan, shida da ƙafafu lafiyayyu, kuma mahaifinki ne ya tafi.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya yafe maka ƙaryar da ka ɗauka. Waccan tana nan inda ka bar ta, tana jiran masu ita.